Hayaniyar layin intanet na ƙaruwa da rana, me ke jawo ta?

Assalamu alaikum, masana. Ina neman taimakonku.

Na kafa eriyar intanet a kan soron gidanmu a unguwar Birni, nan Damagaram. Siginar tana tsaye a -70 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina). Da asuba hayaniyar layin (wato kutsen da ke dagula sigina) -95 ce, tazararta da siginar desibel 25, komai na tafiya sumul. Amma rana na take tsaka sai hayaniyar ta hau zuwa -82, tazarar ta koma 12, intanet ya yi ta yankewa.

Da farko zafi na zarga. Na yi lissafi, daga digiri 20 zuwa 45 na Celsius hayaniyar zafi ba ta ƙara ko rabin desibel.

Inbatar solarmu tana kusa da wayar eriyar. Ita ce? Ta yaya zan tabbatar? Makonni uku abin ya hana ni sukuni.