Wanda ya taɓa ganin kyarkeci ido da ido ya kwatanta mana shi

Baban Amira:
Assalamu alaikum. Yarana sun sa ni a gaba da tambayar yadda ake bambanta kyarkeci da babban kare, ni kuwa a bidiyo kawai na san shi. Don Allah wanda ya gan shi da idonsa, me ya fara ɗaukar hankalinsa?

Ummi:
Wa alaikumus salam. Ni a gidan namun daji na gan shi a Jamus, gilashi kawai ne tsakaninmu. Ƙafafu na fara gani, dogaye zaro-zaro, ga ƙirji matsattse. Kafaɗarsa ta kai wajen santimita 80 daga ƙasa. Jelarsa a sake take, ba ta lanƙwashewa sama irin ta karnuka da yawa. Sai idon nan rawaya. Da ya tsaya ya ƙura mini shi, wallahi sai da na ja da baya duk da gilashin. Ashe 'ya'yansu da shuɗin ido suke farawa, daga baya ya rikiɗe.

Malam Idi:
Gaskiyarki kan ƙafafun. Na je dajin Yellowstone na Amurka lokacin ƙanƙara, inda aka dawo da su daga Kanada a 1995. Sawu na fara cin karo da shi. Na tsuguna na ɗora tafin hannuna a kai, faɗinsa ya kai santimita 10. Kuma a miƙe sawun ya tafi kamar an ja zare, ƙafar baya tana faɗawa inda ta gaba ta taka. Kare ai sai ya yi ta kewaye-kewaye. Da muka hango garken ta madubin hangen nesa, wasu toka-toka, biyu baƙaƙe wuluk. Gashin sanyi ya kumbura musu wuya, don rufi biyu gare shi: na ciki mai laushi da na waje mai kauri. In zafi ya zo ya zube, sai ka ce yunwa ce ta ramar da su.

Anti Bilki:
Nawa daban ne. A tsaunukan Bale na Habasha na ga irin na can. Ja ne, maƙogwaro fari, baki dogo siriri, nauyinsa bai kai kilo 20 ba. Na ɗauka dila ce. Shi kaɗai yake, ya kafa kunne a bakin ramin ɓera, ko motsi babu.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai. Malam, batun sawun nan zan fara ba su yau da daddare.