Shin Hollywood ce ta ɗaga Tilda Swinton?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakata: ba don Hollywood ba, da babu wanda zai san Tilda Swinton, 'yar fim ɗin Birtaniya. Wa ya taɓa jin sunanta kafin ta fito a matsayin farar mayya a fim ɗin Narnia a 2005? Kambun Oscar ɗin da ta ɗauka a 2008 ma fim ɗin Amurka ne ya jawo mata shi, Michael Clayton.

Malam: Wa alaikumus salam. Ɗana, ranar da ka san ta daban, ranar da aka san ta daban. Tun 1991 ta karɓi kambun gwarzuwar jaruma a bikin finafinai na Venice saboda fim ɗin Edward II. Tushenta kuwa wasan daɓe ne. Ta shiga ƙungiyar wasan daɓe ta Royal Shakespeare Company a 1984, ta kuma yi aiki a gidan wasan Traverse da ke Edinburgh. A can ta yi Man to Man a 1987, ita kaɗai a kan dandamali, a matsayin matar da mijinta ya rasu a Jamus, ta sa tufafinsa ta ɗauki sunansa don kada aikinsa ya kuɓuce. Wadda ta riƙe 'yan kallo ita kaɗai har wasa ya ƙare ta riga ta ƙware.

Anti: Allah ya gafarta Malam, na yarda da rabin maganarka. Amma daɓen nan ba ta daɗe a kansa ba. Ni a ganina darakta Derek Jarman ne makarantarta. Shi ya fara sa ta a fim, Caravaggio, a 1986, kuma sun ci gaba da aiki tare har ya rasu a 1994. Finafinai ne na kuɗi kaɗan, na mutanen da suka san juna, ana shawara da 'yar wasa tun labari bai gama tsayuwa ba. Wannan ɗabi'ar ce ta bi ta har yau: darakta take zaɓa kafin ta zaɓi rawar da za ta taka.

Malam: Hajiya, ki duba Orlando na 1992, inda ta fara a namiji ta ƙare a mace. A ina ta fara gwada wannan in ba a daɓe ba?

Anti: Na ba ka wannan, Malam.

Ɗalibi: To Anti, in har ƙananan finafinai sun ishe ta, me ya kai ta Doctor Strange a 2016? Ai kuɗi ne.

Anti: Ƙanena, ko kuɗin ne, ina laifi? Abin dubawa shi ne inda take komawa in ta gama. Shekarar da ta ci Oscar ta shirya bikin finafinai a wani tsohon zauren rawa a Nairn, ƙaramin garin da take zaune a arewacin Sikotland, wanda ba shi da fam 3 na shiga sai ya kawo farantin kek da ya gasa a gida. A 2009 ita da mai shirya finafinai Mark Cousins da wasu suka riƙa jan motar majigi da igiya daga ƙauye zuwa ƙauye. Wannan ya taɓa zuciyata ƙwarai, domin ba riba a cikinsa. A shekarar kuma ta yi fim da harshen Italiyanci, daga baya ta tafi Kolombiya ta yi Memoria na 2021 da wani darakta ɗan Tailan.

Ɗalibi: Duk na ji. Amma mutum nawa suka kalli Memoria, mutum nawa suka kalli Narnia?

Malam: Yanzu ka koma maganar yawan 'yan kallo, kuma a nan gaskiya ta gare ka. Sai dai masu shirya Narnia ba su tsinto ta a hanya ba. Sun ɗauki macen da ta kusa shekara 20 tana fim, da kambun Venice a hannunta.