Yadda ake ƙaro guzuri a Hanyar John Muir

Baƙon Sacramento:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na sami takardar izinin bin Hanyar John Muir a watan Agusta, daga kwarin Yosemite zuwa ƙololuwar dutsen Whitney, tafiyar ƙafa ta kimanin kilomita 340 a duwatsun Sierra Nevada na jihar Kalifoniya, kuma ina sa ran kammala ta cikin kwana 20 in Allah ya yarda. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne guzuri, domin babu mai iya goya abincin mako uku a bayansa, ga shi kuma doka ta wajabta a zuba duk abin ci a cikin mazubin nan mai tauri wanda dabbar beyar ba ta iya buɗewa. A ina ake ƙaro abinci, kuma wane iri ne ya fi dacewa da mai kiyaye halal?

Tsohon Matafiyi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Rabin hanyar na arewa ba shi da wuya. Bayan kwana biyu ko uku za ka isa Tuolumne Meadows, inda akwai kanti da gidan waya a lokacin zafi, sannan Reds Meadow, inda bas ke kai mutane garin Mammoth Lakes mai manyan kantuna. Saboda haka kada ka wahalar da kanka da kaya mai nauyi a hawan farko.

Aikin yana farawa ne daga Muir Trail Ranch, wani masauki da ke ajiye wa matafiya guzuri, wajen tsakiyar hanya. Wurin ba kantin abinci ba ne. Kai ne za ka shirya guzurinka a bokitin roba mai murfi, ka biya kuɗin ajiya, ka aika ta gidan waya akalla mako uku kafin ranar isarka, domin sai an tsallaka da shi tafkin Florence kafin ya kai can. Daga nan har zuwa Whitney Portal a gindin dutsen Whitney, inda mota za ta ɗauke ka, akwai kimanin kilomita 180 da hanyar ba ta haɗu da titi ko sau ɗaya ba, kuma a cikinsu ne za ka haye mashigan duwatsu biyar mafiya wuya, wato Muir da Mather da Pinchot da Glen da Forester, wanda tsayinsa ya ɗan haura mita 4,000. Ga mai tafiya irin taka, kwana tara ne ko goma, alhali babban mazubi da aka fi amfani da shi bai kai lita 12 ba, kuma da kyar yake ɗaukar abincin mako guda. Ni na gwada matsa na kwana tara a ciki, na ƙare kwana biyun ƙarshe da yunwa, ƙafafuna suna rawa a hawan Whitney. Shawarata ita ce ka ratse ta mashigin Kearsarge bayan ka wuce Glen, ka sauka Onion Valley, tafiyar wajen kilomita 12, ka nemi mota zuwa garin Independence ka karɓi kunshinka na biyu da ka riga ka aika can ta gidan waya. Za ka yi asarar yini ɗaya ko biyu, amma za ka gama tafiyar da ƙarfinka.

Uwar Gida a Fresno:
Malam ya yi bayanin wurare, ni kuwa zan tsaya a kan abin da ake zubawa. Tunda girman mazubin ne ke takura mutum, sai a zaɓi abin da ba ya barin iska a tsakaninsa. Garin kwaki ya fi mini komai amfani, domin yana kwanciya luf a ƙasan mazubi, kuma da ruwan sanyi da sukari da madarar gari da gyaɗa an sami kalaci ba tare da an kunna risho ba. Ka haɗa da dabino da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ko man zaitun a ƙaramar kwalbar roba, kana tsiyaya cokali biyu a abincin dare. Kilishi ya dace ƙwarai, sai dai hukumomin Amurka ba sa barin a shigo da nama daga Najeriya, don haka ka sayi naman halal a nan ka busar da kanka, ka yanke kitsen tas don kada ya yi ɗoyi a bokitin da zai yi makonni a ajiye. Ka cire komai daga kwalinsa ka zuba a leda, ka kuma bar gurbi don man goge baki da sabulu da shara, domin duk abin da ke da ƙanshi a cikin mazubin yake kwana.

Ɗan Agadas a Reno:
Yaya Tsohon Matafiyi, ba ni da ja a kan Kearsarge, amma akwai masu zarcewa ba tare da sun ratse ba, idan suna cin kilomita 25 a yini. Abincin ranar da ka bar wurin ajiya ba sai ya shiga mazubi ba, tunda za ka cinye shi kafin dare. A Muir Trail Ranch akwai bokitan da matafiya ke barin rarar abincinsu kyauta. Ka karanta jikin kowace leda, saboda naman alade yana yawan shiga irin wannan busasshen abincin, wanda babu rubutu a jikinsa kuwa ka bar shi. Kada ka sa gwangwanin gas a kunshin gidan waya, ka saya a wuraren da za ka tsaya.

Baƙon Sacramento:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan cika mazubin a gida in ga kwana nawa zai ɗauka, sannan in tsayar da maganar Kearsarge.