Wai kyauta ake ba Travellers gidaje masu taya a Ayalan?

Direban Dublin: Salamu alaikum 'yan'uwa. Kullum ina bi ta wani sansanin Travellers (wata al'umma ce 'yan asalin Ayalan masu al'adar ƙaura daga wuri zuwa wuri), gidajensu masu taya duk sun tsufa, an toshe tagogi da kwali, ga sanyin nan mai shiga ƙashi. Wani fasinja ya ce min gwamnati na canja musu sababbi kyauta. Da gaske ne?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam Malam. Ba kyauta ba ce, rance ne mai sauƙi ta hannun ƙaramar hukuma. An fara gwajinsa a 2021 a ƙananan hukumomi huɗu, daga baya aka faɗaɗa shi ƙasa baki ɗaya, a lokacin rancen na kaiwa har Yuro 40,000. Wata doka ta 1998 ce ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin muhallin Travellers.

Ɗalibi a Cork: Ƙungiyoyinsu dai sun yi ƙorafin kuɗin bai isa sayen gidan da zai jure sanyin hunturu ba. Ku tuna gobarar 2015 a sansanin Travellers na Carrickmines da ke kudancin Dublin, mutum 10 suka rasu, har da yara.

Direban Dublin: Subhanallahi. To Hajiya, wanda ya kasa biyan rancen fa, ƙwace gidan ake yi?