Lightroom ya ce hotunan bikin mutane sun ɓace, don Allah a taimaka

Mai Kyamara Ƙofar Marusa:
Slm jama'a, wlh ina cikin tashin hankali. Satin da ya wuce na ɗauki wani biki nan cikin gari, kamu da ɗaurin aure da yinin biki, hoto ya fi dubu ɗaya, duk na juye su a ekstanal ɗina (ma'ajiyar waje da ake sokawa a kwamfuta) na shigar da su Lightroom Classic, manhajar gyaran hoto, na kwana biyu ina editin har idona ya yi ja. Jiya da dare na buɗe laftof zan fidda su in kai wankewa sai na ga kowane hoto da alamar motsin rai ! a samanshi, foldar kuma alamar tambaya ? kuma ta yi dishi-dishi. Hoton ina ganinshi ƙarami amma in na shiga Develop, ɓangaren da ake editin, sai ya ce ba a sami fayil ɗin ba. Ban goge komi ba wlh. Yayan ango ya kira ni sau huɗu yau, ƙarya ta ƙare min. Mi zan yi? Memorin kyamarar kuma na riga na yi mashi fomatin na ɗauki suna da shi.

Ɗan Sabuwar Unguwa:
Oga ba bairos ɗin shotkot ba ne kuwa? in kana barin yara suna soka filash a kwamfutarka shi ne aikinshi, ya ɓoye folda ya bar maka shotkot. Buɗe ekstanal ɗin ta This PC ka gani, in girman abin da ke ciki bai ragu ba to hotunanka na nan ɓoye su aka yi.

Tsohon Mai Situdiyo, Ƙofar Soro:
Ƙanena kwantar da hankalinka, sha ruwa tukunna. Kafin komi abu ɗaya nake roƙonka, KADA ka taɓa Synchronize Folder, kada kuma ka sake shigo da hotunan a matsayin sababbi. Na ga wanda ya yi haka cikin ruɗewa, Lightroom ya cire waɗanda yake ganin sun ɓace daga katalog, editin kwana uku ya bi ruwa alhali hotunan na nan lafiya lau.

Abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne Lightroom ba ya ajiye hoto a cikinshi. Katalog ɗin nan mai .lrcat kamar littafin mai shago ne, ya rubuta buhu kaza na sito kaza, amma buhun ba cikin littafin yake ba. Shi adireshin hoton kawai ya riƙe da gyaran da ka yi mashi, sai ɗan ƙaramin kwafi na leƙe wanda shi ne kake gani yanzu. To ranar da adireshin ya canza ko da harafi ɗaya ne, sai ya je bai tarar ba ya ɗaga maka alamar nan.

Ni zargina harafin ekstanal ɗinka ne ya canza. Windows na ba kowane abu da aka soka harafi, in ka saba naka E ne, ran nan wani ya riga soka filash ya karɓe E, to naka sai a ba shi F, shi ko Lightroom yana can yana jiran E har gobe. Duba ɓangaren Folders ta hagu ka ga wane harafi ya rubuta, ka kwatanta da wanda ke This PC. In sun sha bamban, danna dama a kan babbar foldar mai ? ka zaɓi Find Missing Folder ka nuna mashi inda take yanzu, babbar fa ta sama, ba ƙananan ba, in ka nuna uwar 'ya'yan duk za su biyo ta. Bayan nan ka shiga Disk Management na Windows ka ba ekstanal ɗin harafi na can nesa kamar X wanda ba filash ɗin da zai zo ya ƙwace, ka sake nuna mashi sau ɗaya shi kenan. Ni nawa na aiki X ne na ajiya Y, na daina wannan ciwon kan tun tuni.

Badauriya mai ɗaukar mata:
Allah ya sa dai abin da Baba ya faɗa ne. Amma fomatin ɗin memori tun ba ka miƙa aiki ba shi ne bai yi min ba gaskiya, ni ma sai da ta cije ni na daina. Lokacin Sallar Gani nan Daura na ɗauki wasu baƙi a rijiyar Kusugu da wajen hawa, na juye a laftof na goge kati, kwana biyu laftof ɗin ya ƙi tashi. PhotoRec, manhajar tono abin da aka goge, ne ya cece ni, kyauta ne, ya tono min yawancinsu daga katin duk da sunayen sun dawo a hargitse, amma waɗanda sabon ɗauka ya hau kansu sun tafi har abada. Don haka in ta kai ga haka ka cire katin nan daga kyamara yanzu-yanzu, kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya da shi, abin da aka tono kuma a juye shi wani waje daban ba kan katin ba.

Sannan ka duba ko ka yi Smart Previews, ƙananan kwafin hoto da Lightroom ke iya aiki da su ko ba na ainihin, lokacin shigarwa, in akwai kana iya fiddawa daga su, tsawonsu pixel 2560 ne, ba zai yi babban firam na falo ba amma zai fidda kai kunya a WhatsApp da ƙananan kati.

Mai Kyamara Ƙofar Marusa:
Alhamdulillah!! Baba Allah ya ƙara girma ya jiƙan mahaifa, kamar kana wajen wlh. E ne ya koma F, ashe yaron shagona ne ya soka filash ɗinshi da safe zai kwashi fasfo na wani kwastoma. Ina nuna mashi foldar duk suka dawo da editin ɗinsu sai da na yi sujada. Hajiya na karɓi faɗa, katin ma na cire na sa a aljihun gaba. Sai dai saura foldar kamu, hoto 63, ita har yanzu ? take nunawa.

Tsohon Mai Situdiyo, Ƙofar Soro:
Amin. To wannan an canza mata suna ne ko an ja ta wani waje ta cikin Windows, tambayi yaron naka a hankali ba da tsawa ba zai faɗa maka. In ya ce bai sani ba, danna ! ɗin hoto ɗaya zai nuna maka sunan fayil ɗin da inda ya san shi a da, ka kwafi sunan ka nema a ekstanal ɗin gaba ɗaya, in ka gan shi ka yi Locate ka bar tik ɗin nan na nemo na kusa da shi, sauran 62 za su biyo. Gaba in za ka canza ma folda suna ko ka matsar da ita, ta cikin Lightroom za ka yi don ya sani.

Mai Kyamara Ƙofar Marusa:
An gan ta Baba, wai gyara min ya yi, ya maida sunan KAMUN AMARYA da manyan baƙi ya jefa ta cikin foldar fasfo hhh. Yanzu haka ina fiddawa, wuta ce kawai nake addu'ar kada a ɗauke don batirin laftof ɗin minti ashirin yake yi. Hajiya zan sayi ekstanal na biyu don ajiya, wane girma kike ganin zai ishe ni, 1TB ko in daure in sayi 2?