Sinadarin NPY da jure firgici: yaya yake aiki, kuma ana iya shan sa?

Ɗalibar Lafiya:
Assalamu alaikum. Ana cewa sinadarin NPY na ƙwaƙwalwa ne ke sa wani ya jure tashin hankali, wani ya kasa. Ta yaya? Kuma ana iya auna shi a jini, ko a sha shi kamar magani?

Malam Sinadari:
Wa alaikumus salam, Malama. NPY, wato neuropeptide Y, 'yar gajeriyar sarƙa ce ta amino asid 36, wato tubalan da ke gina furotin. Tatemoto da Mutt suka gano shi a 1982 a Cibiyar Karolinska ta Suwidin. Idan mutum ya firgita, sashen ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus kan saki sinadarin CRH, wanda ke sa a saki wani sinadarin mai suna ACTH, daga nan halittar da ke saman ƙoda ta zubo kotisol, sinadarin da ke shirya jiki don fuskantar tashin hankali, cikin jini. A amigdala, sashen ƙwaƙwalwa inda tsoro ke tasowa, CRH ke ingiza fargaba, NPY kuma ke taka mata birki. An samu ƙarancin NPY a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar baya na tsofaffin sojojin Amurka masu ciwon firgici na PTSD.

Mai Nazarin Ƙwaƙwalwa:
Malam ya yi daidai, sai dai akwai wurin da ake yawan tuntuɓe. Ba yawan NPY kaɗai ba ne, inda ya sauka ma abin dubawa ne. In ya kama makarɓin Y1 (makarɓi shi ne gurbin da sinadari ke kamawa a jikin ƙwayar jijiya), hankali ya kwanta. In kuwa Y2 ne, wanda ke bakin jijiyar da ta sake shi, sai ya hana a ƙara sakin wani, fargaba ta ƙaru. Akwai kuma sinadarin DPP-4 da ke datse amino asid biyun farko na NPY. Guntun da ya rage ba ya kama Y1 sosai, Y2 yake nufa.

Likitar Tunani:
Batun awo, 'yar'uwa, gwajin jini ba zai faɗa miki halin ƙwaƙwalwa ba, domin yawancin NPY ɗin da ke cikin jini daga jijiyoyin jiki yake fitowa, ba daga ƙwaƙwalwa ba. Sha kuma ba ya amfani: ciki zai narkar da shi kamar kowane furotin, kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ba ya barin sa ya ratsa da sauƙi. Shi ya sa ake gwada fesa shi ta hanci, amma har yanzu a matakin bincike ake. Ga shi yana buɗe ci, yana kuma matse hanyoyin jini. Duk wanda firgici ya hana shi barci ko aiki sama da wata guda, don Allah ya ga likitan ƙwaƙwalwa.