Wane kamfanin talla ne ya dace da shafin da ake rubutawa da Hausa zalla?

Mai Kaji, Funtuwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, abin ya tsaya min a rai tun ranar Juma'a.

Shekara biyu ke nan ina da shafi a intanet kan kiwon kaji, da Hausa zalla: yadda ake karɓar 'yan tsaki, lokacin rigakafin cutar gumboro da Lasota (rigakafin cutar Newcastle), yadda ake haɗa abinci da masara da waken suya idan buhu ya yi tsada. Da dare nake rubutu, bayan na rufe ɗakin kaji. Kuɗin sabunta sunan shafin da na ma'ajiyarsa daga aljihuna suke fita, kuma da dala ake lissafinsu. Shi ya sa wata uku da suka wuce na saka tallan wani kamfani, ba zan kama sunansa ba. Abin da ya ja ni shi ne ba su tambayi yawan masu ziyara ba, a ranar suka karɓe ni.

Bayan an sauko daga masallaci kawuna ya ja ni gefe. Dattijo ne, kaji 200 yake kiwo a bayan gida, ni da kaina na nuna masa shafin. Ya miƙo min wayarsa bai ce uffan ba. Rubutuna ya buɗe kan zawon kaji, yana taɓa gilashin sai wani shafi ya faɗo, na caca, a ƙasansa hoton mace wanda ba zan iya kwatantawa a nan ba. Ya ce, "Ɗana, kai ka sa wannan?" A daren na cire tallan gaba ɗaya.

Na ji akwai kamfanonin da ke duba abin da ka rubuta su kawo talla mai kama da shi. AdSense na Google zan nema ko Media.net? Kuma yaya kuɗin ke isowa Najeriya?

Mai Haɗa Shafuka, Kano:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da ka cire shi da wuri. Irin wanda ka saka ba ya karanta shafinka ko kaɗan, taɓawar mai karatu kawai yake jira ya buɗe masa wata taga.

Wanda kake tambaya a kai, na'urarsa ce ke shiga ta karanta rubutun. In ta ga maganar abincin kaji, sai masu sayar da kayan kiwo su yi gwanjon wurin, wanda ya fi tayi ya samu. To a nan gizo ke saƙar. Google na da jerin harsunan da AdSense ke karɓa: akwai Turanci, Larabci, Faransanci, Hindi, Urdu da sauransu, amma babu Hausa. Dokarsu ta hana saka tallan a shafin da akasarin rubutunsa da harshen da ba ya cikin jerin aka yi shi. Za ka ga masu fara shafi da Turanci, in an karɓe su sai su juye zuwa Hausa. Kada ka bi wannan hanyar, gini ne a filin da ba naka ba.

Media.net kuma, waɗanda aka sani a baya da tafiyar da tallan Yahoo da Bing, Turanci suke so, kuma suna son yawancin masu karatunka su kasance daga Amurka, Birtaniya ko Kanada. Naka mutanen na Funtuwa da Malumfashi da Zariya ne, kada ka wahalar da kanka.

In har AdSense kake so, ka buɗe ɓangaren Turanci na gaske, rubutun hannunka, ka sa tallan a waɗannan shafukan kaɗai. A ciki akwai wurin toshe rukunan talla irin su caca da giya da neman abokan soyayya, kuma kana iya duba tallan da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya ka cire wanda bai yi maka ba. In kuɗinka ya kai dala 10 za su aiko da lambar tantancewa ta gidan waya. Ba sa biya sai ka tara dala 100, kuma daga ranar 21 ga wata ake turawa, don haka ka buɗe asusun dala a bankinka. Tun 2024 sun koma biya bisa yawan ganin talla maimakon dannawa. Saboda haka zaurukan nan na "danna min in danna maka" ba su ƙara komai, sai jawo a rufe wa mutum asusu. Kuma ka sa a ranka cewa kuɗin ba zai yi yawa ba, don masu talla sun fi yin tayi mai tsada a kan mai karatu daga Landan fiye da na Katsina.

Uwar Girki, Kaduna:

Malam Mai Kaji, ni shafin girki gare ni da Hausa, kuma na daina neman kamfanin waje. Wata baiwar Allah mai haɗa yaji da garin kunu ce ta fara tambayata nawa zan karɓa in sa hoton kayanta a ƙarƙashin rubutuna na kunun gyaɗa. Muka daidaita a wata-wata, tana turo min naira ta banki. Yanzu su uku ne. Ni ke ganin hoton kafin ya hau, kuma kayan da ban ɗanɗana ba ba na tallata shi.

Kai ma kana da irinsu a gabanka: dillalin 'yan tsaki, mai shagon maganin dabbobi, mai ƙera keji da mazubin ruwa. Wanda ya buɗe rubutu kan gumboro ai magani yake nema a daren. Ka ɗauki hoton adadin masu ziyararka na wata, ka je shagon da kanka ka nuna musu a wayarka. Ka kuma rubuta "Talla" a samansa, don kada mutane su ɗauka shawararka ce ta kiwo.

Ɗan Maraɗi:

Gaskiya Hajiya ta faɗa. Ni kowane rubutu sau biyu nake yin sa, da Hausa da Faransanci, tallan Google yana kan na Faransancin kaɗai. Aiki ne ninki biyu, kuma masu karanta Hausar sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Mai Kaji, Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ban taɓa sanin Hausa ba ta cikin jerin ba, kuma abin ya yi min ciwo, ganin yawan masu karanta ta. Turancin sai na yi tunani, don ba na son rubutun Hausar ya ragu saboda shi.

Hajiya, gobe in Allah ya kai mu zan biya ta wurin mai shagon da nake sayen magani, shekara biyar muna hulɗa bai taɓa ba ni jabu ba. Daga can zan wuce gidan kawu in buɗe masa shafin a wayarsa ya gani da idonsa. Tambaya ɗaya ta rage min: farashin wata, bisa yawan masu ziyara kike yankawa, ko ke da mai kayan kuke zama ku daidaita?